Rakiya Har Bakin Mota

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kama aiki a Parakou ba, alhali mai aikin bai ɗauke ni ba. Shekaru sun ja, furfura ta cika kai, amma ko yanzu na tuna sai haushi ya taso mini sabo fil. Haushin kaina, da haushin wani Bature da ban taɓa gani ba, da haushin mutanenmu da ba su iya buɗe baki su ce wa mutum a'a ba.

Lokacin ba a daɗe da samun 'yancin kai ba, ƙasar ma Dahome ake kiranta. Turawa suna ta tattara kayansu, duk wanda ya ɗan leƙa lakwal, wato makarantar boko, gani yake tasa kujerar tana can tana jiransa. Ni ma na gama lakwal a Djougou, ga takardar shaida a hannu, amma ina na ƙare? Shagon goron Kawu Salifu, yayan mahaifiyata, wanda ya riƙe mu tun rasuwar babanmu. Kullum aikin ke nan: kwance huhu, tsince wanda sangara ta ci, canza ganye, yayyafa ruwa, sake ɗaurewa. Gidanmu fataken goro ne tun kakanni, Kawu kuwa yana faɗin haka kamar wata sarauta. (Mutumin da ya haddace kogunan Faransa kaf, wai shi ne ke farautar tsutsa a cikin goro!) Ba abin da nake so a duniya irin in bar shagon nan in zauna a ofis.

Ana nan sai wani malaminmu zai koma Kwatano, ya bar tarin littattafai, na tsinci wani ƙarami wanda bangonsa ya yage. Na Faransanci ne, a kan yadda ake neman aiki. Abin da ya kama ni shi ne marubucin ba ya lallashi. Ƙarshen kowane babi sai ya ce karatun da ba a aikata ba ɓata lokaci ne, ka rufe littafin nan yanzu, ka tashi ka gwada. Ni kuwa da ma neman mai zuga ni nake yi.

Na fara da musafaha. Littafin ya ce a matse hannun mutum da ƙarfi don ya san da namiji yake magana. Audu ɗan Kawu na mayar abin gwaji, har ya kai in ya hango ni sai ya cusa hannu cikin riga. Daga nan na koma kallon ido cikin ido. Na kwana biyu ina zura wa mutanen gida ido ba ƙiftawa, har Inna ta kira ni ɗaki ta tambaye ni a hankali ko wani abu nake gani wanda su ba sa gani. Na ce mata wayewa ce. Ta ce to Allah ya sawwaƙe, ta kuma aika a karɓo mini rubutu.

Kawu dai ya gaji da ganin fuskata a murtuke a kan goronsa. Wata rana ya ce akwai wani aboki nasa a Parakou, Alhaji Garba, mai manyan motoci da ke kwasar kaya daga tashar jirgin ƙasa zuwa Nijar, yana neman malamin ofis da ya iya Faransanci saboda takardun jirgi da na duwan, wato kwastan. Ya riga ya aika masa da maganata.

"Ka saurare ni da kyau," in ji Kawu. "In ka sauka, ka wuce unguwar Tourou gidan Malam Isa. Shi ne mai masaukinmu tun zamanin babana. Shi zai kai ka, shi zai yi magana. Kai naka ka cire takalmi, ka durƙusa, ka sunkuyar da kai. Bakinka kuwa ka bar mini shi a nan Djougou. Ga goro fari ka kai wa Alhaji."

Na ce to. A zuciyata kuwa na ce tsohon yayi ke nan. Littafi ya riga ya gaya mini: ka je kai kaɗai, ka yi magana da bakinka, kada ka kai kyauta don kada a ce cin hanci ne. A makon nan Kawu ya tafi sayo goro wajen iyakar Togo, ni kuma na ari karabat, ƙyallen nan da Turawa ke ɗaurawa a wuya, wajen wani tela na hau mota. Goron Alhaji kuwa, kafin mu kai rabin hanya na rabe wa fasinja shi tas. Sun sa mini albarka ƙwarai.

Tourou ko hanyarta ban tambaya ba. Kai tsaye na nufi Gar, inda layin jirgin Kwatano ya ƙare. Buhunan gishiri da siminti jibge har sama, 'yan dako na gudu da kaya a ka, direbobi na zagin karnukan motarsu da harsuna uku. Aka nuna mini wajen Alhaji Garba. Ofis ɗin ɗaki ne guda mai tebur da kujera, babu kowa a kai. Shi Alhajin yana waje ƙarƙashin rumfa, zaune kan buzu, da tasbaha a hannu.

Na tarar da wani saurayi tsarana, Bukari, shi ma aikin ya zo nema. Yana durƙushe can gefe, takalminsa a bakin rumfa, wani tsoho yana yi masa bayani. Alhaji ko kallon kirki bai yi masa ba. Tsohon bai ma gama ba ya katse shi.

"Kai, tashi ka je Gar ka dubo mini ko gishirina ya sauka. Da gudu! Tsayawa ka yi kana kallona?"

Bukari ya zabura ya fita cikin rana, ko ruwa ba a ba shi ba. Wallahi sai da na ji tausayinsa. Littafi ya ce in aka sallame ka da wuri, to ka faɗi. Na ce a raina, bawan Allah, da ka yi karatu.

Sai ni. Na gyara karabat, na taka tabarmar Alhaji da takalmina, na miƙa hannu daga tsaye, na kama nasa na matse da duk ƙarfin da na tara a kan Audu.

"Bonjour, Monsieur le Directeur!"

Alhaji ya zare hannunsa a hankali, ya duba yatsunsa, musamman mai zoben azurfa. Ya ɗago ya dube ni, ni kuwa na kafe shi da ido kamar yadda aka koya mini. Shi ne ya fara kau da kai. (Na lissafa wannan a matsayin nasara. Ku ji fa.)

"Ɗan wane ne?"

"Ɗan ƙanwar Salifu mai goro ne, daga Djougou."

"Ikon Allah. To ina Malam Isa?"

"Ban biya ta wajensa ba, Alhaji. Na ga gara in zo in yi magana da bakina."

Wani dattijo da ke gefe ya tsaya da taunar goronsa. Can sai Alhaji ya yi murmushi, murmushi mai faɗi, ya ce, "Madalla. Kai, a kawo wa baƙo kujera."

Kujera fa! Kowa yana ƙasa, har mai wurin, ni ina sama. Aka kawo ruwa mai sanyi, aka kawo fura, aka kawo shinkafa da nama. Ni kuma na buɗe baki. An ce yabon kai jahilci, to littafina bai san da wannan ba, cewa ya yi ka faɗi duk abin da ka iya ba kunya. Na faɗi wanda na iya, na ƙara da wanda nake shirin iyawa. Littafin ya ce ka nuna ka fahimci sana'ar mutum, don haka na ba Alhaji shawara a kan yadda zai tsara motocinsa, ni da ban san bambancin gaban injin da bayansa ba. Na ce zaman rumfa ba ya jawo kwarjini, ya kamata ya koma kan tebur. Na rufe da tambayar albashi da hutun shekara.

Duk abin da na faɗa sai ya ce, "Haka ne." Wani lokaci ya ce, "Allah mai iko." Sannan ya shiga tambayar mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, ciwon ƙafar Inna, rijiyar gidan Kawu, har wani makaho da ke zama a ƙofar masallacinmu. Muka daɗe. Da na tashi tafiya sai ya tashi shi ma, ya sa takalmi, ya kama hannuna (a hankali, ba irin kamun da na yi masa ba), ya taka da ni cikin rana har bakin wata motarsa da za ta Djougou. Ya ce wa direba a sa ni gaba, kada a karɓi ko sisi. Ya sa aka kawo turmin atamfa ya ce in kai wa Inna.

"Ka gaida Salifu da kyau. Za ku ji daga gare ni in sha Allah."

Mota na tashi na ciro littafi na buɗe babin ƙarshe, wanda ke bayanin yadda mutum zai gane ya ci. Wai in hirar ta yi tsawo, alama ce mai kyau. In an ba ka abin sha, ka samu shiga. In mai aikin ya saki jiki har ya tambayi iyalinka, ka kusa. In kuwa ya tashi da kansa ya raka ka bakin ƙofa, to ka fara shirin kama aiki. Bakin ƙofa fa ya ce. Ni har bakin mota aka raka ni. Atamfa ma babu ita a littafin, na wuce inda marubucin ya sani. Na yi ta dariya ni kaɗai har direba ya riƙa satar kallona.

Ban ko wanke ƙafa ba na shelanta wa gida an ɗauke ni. Inna ta rangaɗa guɗa, ta rungume atamfa tana hawaye. Washegari aka soya waina aka raba sadaka har unguwar maƙwabta. Kawu bai dawo ba, to babu mai taka mini birki. Wata gwaggona ce kawai ta ce, "To me Malam Isa ya ce?" Na ce mata zamanin 'yan rakiya ya wuce. Na je shago na tara Audu da masu kawo ganye, na yi musu jawabin bankwana, na danƙa wa Audu wurin zamana, na ce masa ya yi haƙuri, kowa da inda Allah ya ajiye shi. Mutane suka fara zuwa da buƙatu, wannan a samo wa ɗansa aikin karen mota, wancan a riƙa kai masa kaya Nijar a kan ragi. Ban hana kowa ba. Na ce su bari in zauna tukuna.

Kwanaki suka wuce, babu saƙo daga Parakou. Mai hankali da sai ya tsaya ya yi tunani. Ni sai na koma littafi, shi kuma ya ce kada ka zauna jira, masu aiki suna son mai himma. Na haɗa akwati. Mata suka raka ni tasha da guɗa, Inna sanye da sabuwar atamfarta.

Da safe na isa wajen Alhaji, bai fito ba tukuna. Ofis a buɗe. Na shiga, na ajiye akwati a lungu, na zauna a kujera. Kai, na ji daɗin zaman nan! Na tarar da takardu jere a kan tebur, tsarin bai yi mini ba, na sake musu tsari. 'Yan dako suka leƙo, na ce su yi layi, daga yau ba a shigowa ofis sai an ƙwanƙwasa. Suka dubi juna, suka yi layin kuwa, don ganin karabat.

Sai ga Bukari ya shigo yana zufa, da takardun jirgi a hannu da alƙalami a bayan kunne. Ya tsaya turus.

"A'a, har yanzu kana nan?" na ce masa. "Kada ka damu, ɗan'uwa. Zan yi maka magana wajen Alhaji, ba za a rasa ɗan abin da za ka riƙa yi ba."

Ya dubi takardun da na hargitsa, ya dube ni. "Monsieur, pardon, kujerata ce."

Ban gama dariyar da na fara ba sai na ji sallama. Alhaji Garba ne, da wasu 'yan kasuwa daga Nijar, da wani tsoho mai farin gemu wanda na gane daga baya shi ne Malam Isa. Alhaji ya gan ni a kan kujera, ya ga akwati, sai fuskarsa ta canza.

"Subhanallahi. Lafiya? Rasuwa aka yi a Djougou?"

"Lafiya lau, Alhaji. Na zo kama aiki ne."

'Yan dakon da na jera suna nan a layinsu, kowa ya miƙo wuya. Alhaji ya juya ya dubi Malam Isa. Tsohon ya yi gyaran murya ya ce Alhaji ya ba shi saƙo tun ranar, yana jira ne Salifu ya dawo daga tafiya, don ba a ba yaro irin wannan saƙon a hannunsa.

Da na yi shiru a nan, da da sauran mutunci. Amma ina! Haushi ya ɗebe ni. Na miƙe na ce yaya za a yi haka? Ba kujera aka ba ni ba? Ba fura na sha ba? Ba a tambayi ƙafar Inna ba? Ba Alhaji da kansa ya raka ni har bakin mota ba? (Ina jin nauyin faɗin wannan, amma tunda na fara bari in ƙarasa: na ciro littafin daga aljihu, na buɗe babin, na fara fassara musu shi da Hausa.) Na nuna Bukari na ce wannan ko ruwa ba a ba shi ba, korarsa aka yi cikin rana!

Malam Isa ya dafa kafaɗata. Ya yi ƙoƙarin rage murya, amma irin tsofaffin nan ne da kunne ya yi nauyi, raɗarsu ta fi kiran salla.

"Ɗana, baƙo ake yi wa rakiya. Wanda aka ɗauka ɗan gida ne, aikensa ake yi. Tun da aka ce a kawo maka kujera ai magana ta ƙare. Sauran duk don darajar Salifu ne."

Wani daga cikin layin ya kasa riƙewa, ya fashe. Sauran suka bi. Alhaji ya daka musu tsawa suka watse, sannan ya juyo gare ni da murmushin nan nasa mai faɗi.

"Kai Bukari, me kake jira? Kawo wa baƙo ruwa."

Ya kuma sake raka ni. Na roƙe shi ya bari, ya ce haba, ai ba a yi haka ba. Ya riƙe hannuna muka ratsa Gar gaba ɗaya, ɗan dako na biye da akwatina a ka, duk wanda muka gamu da shi sai Alhaji ya tsaya ya ce, "Ɗan Salifu ne na Djougou, ya zo gaishe mu." Wannan karon na san abin da rakiyar take nufi, kowane taku kuwa sai na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Aka sake sa ni gaban mota. Direban ma wancan ne.

Har yau ina tambaya, me zai ci mutum in ya ce "ba mu ɗauke ka ba"? Kalma nawa ce? Sai an kashe maka kaza, an ɗora ka kan kujera, an ba uwarka zane? Shi kuma Baturen, da ya rubuta a bangon littafinsa cewa wannan na mutanen garinsu ne, da wa ya cuta? (To, wataƙila ya rubuta. Bangon ai a yage na same shi.)

Na tarar Kawu ya dawo, labari kuma ya riga ni isa, don labarin tasha ba ya jiran mota. Na shirya wa zagi. Kawu mutum ne da bai taɓa kiran sunana ba tsawa ba, na san yau sai unguwa ta taru. Na shiga shago na durƙusa, ba takalmi, kai a ƙasa, abin da aka ce in yi tun farko. Sai na ga ya miƙe. Ya ɗauko sabuwar tabarma ya shimfiɗa da hannunsa.

"Sannu da zuwa. An sha hanya. Audu, kawo ruwa mai sanyi."

Na gane nufinsa tun kafin a kawo ruwan. Haka muka yi makonni. In na kai hannu kan huhu sai ya ce, "A'a, haba, kada ka ɓata hannunka, Audu zai yi." In na zo da safe ya tambayi kwanan Inna, alhali gida ɗaya muka kwana. In zan tafi ya tako har bakin ƙofa. Audu yana zaune daram a wurina, wurin da na ba shi da bakina gaban shaidu. Na tashi ba tsuntsu ba tarko. Inna kuwa ta ninke atamfar ta sa ƙasan akwati, masu ɗan karen mota suka daina gaishe ni. Goron nan da na raina, sai ga ni ina leƙensa daga nesa ina jin ƙamshin ganye kamar turare.

Wata safiya ina zaune kan tabarmar baƙuncina, sabon kaya ya sauka, aiki ya yi wa Audu yawa. Kawu ya waiwayo ya gan ni na naɗe hannu.

"Kai, shashasha! Uban wa kake jira ya kwance maka huhun nan? Tashi, malalacin banza, kafin in saɓa maka!"

Wallahi ban taɓa jin magana mai daɗinta ba. Na tashi da gudu har ina tuntuɓe, ina tsintar sangara ina murmushi, Audu yana kallona kamar na haukace.

Ban daina karatu ba, ban kuma daina gwada abin da na karanta ba, sai dai yanzu nakan fara tambaya ko marubucin ya taɓa cin tuwo a gidan da zan shiga. Ku kuma masu neman aiki a wajen mutanenmu, in kuka fito ana muku fara'a ana cewa a gaida gida, ku wuce wani wurin ku ci gaba da nema. In aka daka muku tsawa aka aike ku cikin rana, ku gode wa Allah. Ni dai har yanzu, da furfurata, in mutum ya cika yi mini kirki ya tashi zai raka ni, sai in tsaya in tambaye shi me na yi masa.